Tsare Suna Da Tsare Aiki: Ladubban Ɗalibi A Zaurukan Intanet

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya san abin da ƙiraza ke ɓoyewa, Ya kuma rufa asirin bayinSa da falalarSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata mas'ala wadda magabata ba su ga irin kayan aikinta ba, amma sun bar ƙa'idojin warware ta. Mas'alar kuwa ita ce: me ya halatta ɗalibi ya ɓoye game da kansa da aikin karatunsa idan ya shiga zaurukan intanet, me ya wajaba ya ɓoye, kuma me ya haramta ya ɓoye?

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kabuga ta nufi Gwarzo har Dayi, zai ga hanya ce ta masu neman ilimi. Sabon mazaunin Jami'ar Bayero yana bakinta. A Gwarzo akwai Makarantar Nazarin Muhalli ta Foliteknik ɗin Jihar Kano, a Kabo kuma akwai babbar makarantar kimiyya da fasaha da Gwamnatin Tarayya ta kafa. Samari da 'yan mata daga Getso da Kutama da Lakwaya, da Garo da Gude da Durun, suna karatu a waɗannan wurare da wasunsu. Da wuya a sami ɗaya daga cikinsu wanda ba ya cikin zauren 'yan ajinsu a WhatsApp, ko wani dandali a Facebook ko Telegram. A can ake sanar da ranar jarrabawa, a can ake musayar takardu, a can kuma ake zubar da asirai da yawa ba tare da an ankara ba.

Zaure mara katanga

Hausawa sun kira waɗannan wurare zaure, amma ya kamata mai karatu ya tuna da aikin zaure a gidan Bahaushe. Baƙo yakan yi sallama ya tsaya a zaure, ba ya wucewa cikin gida sai da izinin maigida. Wannan tsari ya dace da abin da ya zo a Suratun Nur, aya ta 27 da ta 28, inda aka hana muminai shiga gidajen da ba nasu ba sai sun nemi izini sun yi sallama, aka kuma umarce su da komawa idan an ce su koma. To, zauren intanet ba shi da katanga, ba shi da ƙyaure. Maganar da aka yi a gaban mutum arba'in, ɗaya daga cikinsu yana iya ɗaukar hotonta ya tura wa dubu kafin a yi sallar la'asar. Kuma maganar baka takan bi iska, amma rubutu yakan zauna ya jira ranarsa.

Misali a nan shi ne abin da ya sami wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse a watan Nuwamba na shekarar 1444 ta Hijira, watau 2022. An kama shi saboda wani gajeren rubutu da ya yi a Twitter watanni kafin nan game da uwargidan Shugaban Ƙasa na lokacin, aka kai shi Abuja, aka gurfanar da shi a kotu, sa'an nan aka janye ƙarar a farkon watan Disamba bayan jama'a sun yi ta magana. Wannan fili ba wurin yanke hukunci a kan wannan shari'a ba ne. Abin lura kawai shi ne, layi biyu da ɗalibi ya rubuta sun isa fadar gwamnati, suka kuma dawo suka nuna ƙofar mai su.

Abin da ya halatta a ɓoye

Wasu suna zaton duk mai ɓoye sunansa mara gaskiya ne. Wannan zato bai da tushe a Shari'a. Alƙur'ani mai girma ya ba da labarin Annabi Yakubu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana hana ɗansa Yusufu gaya wa 'yan'uwansa mafarkin da ya yi, don tsoron kaidinsu, kamar yadda ya zo a Suratu Yusuf, aya ta 5. Malaman tafsiri sun ciro daga nan cewa ya halatta mutum ya ɓoye ni'ima ga wanda yake tsoron hassadarsa. A Suratul Kahfi, aya ta 19, samarin kogo sun gargaɗi wanda suka aika birni sayen abinci da ya bi a hankali kada ya bari kowa ya san da su. A Suratu Gafir, aya ta 28, an yabi wani mumini daga mutanen Fir'auna wanda yake ɓoye imaninsa.

Hijira ita kanta darasi ce a wannan babi. A shekarar 622 ta Miladiyya, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, da Sayyadina Abubakar sun kwana uku a kogon Saur. Abdullahi ɗan Abubakar yakan kawo masu labarin Makka da dare, Amiru ɗan Fuhaira kuma yakan koro tumaki a kan sawunsa don su shafe shi. Wanda ya fi kowa dogara ga Allah ke nan, amma bai bar sawu a fili ba. Saboda haka ɗaukar matakin tsaro ba ya warware tawakkali.

Al'adar Hausawa ma ba ta ɗauki ɓoye suna baƙon abu ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, matar kirki ba ta ambatar sunan mijinta a bainar jama'a, ana kuma yi wa mai sunan mahaifi ko na malami alkunya. Suna abu ne mai daraja, ba a jefa shi ko'ina.

Bisa wannan, ya halatta ɗalibi ko ɗaliba su shiga dandalin da ba su san mutanensa ba da laƙabi, su ƙi sa hotonsu, su ƙi faɗin unguwarsu da makarantarsu. Ya halatta mai tambaya a kan wata larura ta lafiya, ko ta aure, ko ta rauninsa a wani darasi, ya yi tambayarsa ba da sunansa ba. Wannan ma akwai asalinsa, domin ya tabbata cewa Sayyadina Aliyu ya ji kunyar yin wata tambaya ta tsarki da kansa saboda matsayin Nana Faɗimatu, sai ya wakilta Mikdadu ya yi masa ita.

Sai dai ya kamata a san cewa laƙabi kaɗai ba ya rufe mutum. A shekarar 2000 wata masaniya a Amurka mai suna Latanya Sweeney ta nuna cewa ana iya gane kashi 87 cikin ɗari na mutanen ƙasar da abubuwa uku kacal, watau ranar haihuwa, da jinsi, da lambar gidan waya ta yankinsu. In haka ya yiwu a ƙasa mai miliyoyin mutane, ina ga gari irin Getso ko Garo, inda kowa ya san gidan kowa? Yarinyar da ta canja sunanta, amma ta ce ita 'yar garin kaza ce, tana shekara ta uku a fannin kaza, mahaifinta kuma limami ne, ta riga ta faɗi sunanta da bakinta. Haka kuma tun daga watan Disamba na 2020 hukuma ta wajabta haɗa kowane layin waya da lambar ɗan ƙasa ta NIN, don haka lambar waya ta zama tamkar suna na biyu. Wanda ya shiga zaure da lambarsa a bayyane, ya shiga da fuskarsa a buɗe.

Tsare aikin da bai nuna ba

Manomin Gwarzo ba ya girbe dawa tana ɗanya, ba ya kuma barin rumbu a buɗe. Haka kundin binciken ɗalibi yake kafin a karɓe shi. Yakan faru ɗalibi ya wahala wata shida yana tattara bayanai, sa'an nan don neman yabo, ko don neman gyara, ya tura babi uku cikin zaure mai ɗaruruwan mutane. Wani daga wata makaranta ya ɗauka, ya canja sunan gari da na marubuci, ya riga shi miƙawa. Manyan makarantu da yawa yanzu suna amfani da manhajojin gano satar fasaha, irin su Turnitin, waɗanda ke gwada sabon aiki da abin da ya riga ya shiga rumbunsu. Manhaja ba ta san wanda ya yi gumi ba, wanda ya riga shiga kawai ta sani. Ta haka mai abu yakan koma shi ake tuhuma.

Masu karatun kimiyya da ƙere-ƙere suna da wata hasara ta daban. Dokar ƙasa ta 1970 mai kare haƙƙin masu ƙirƙira ba ta ba da takardar mallaka sai ga abin da yake sabo, wanda ba a riga an bayyana shi ga jama'a ba. Ɗalibin da ya ƙera wata na'urar ban ruwa ko ta sussuka, ya baza zanenta dalla-dalla a dandali kafin ya nemi rajista, yana iya rushe haƙƙinsa da hannunsa.

Wani zai ce, ashe ba a tsine wa mai ɓoye ilimi ba? Lalle gargaɗi mai tsanani ya zo a Suratul Baƙara, aya ta 159, da Ali Imrana, aya ta 187. Amma malamai sun bayyana cewa abin zargi shi ne hana mutane ilimin da suke bukata don addininsu ko rayuwarsu bayan ya tabbata a wurin mai shi, musamman idan an tambaye shi. Jinkirta aikin da ba a gama tacewa ba har malamin da ke duba shi ya amince, wannan kiyaye amanar ilimi ne. Imamu Malik ya shafe shekaru masu yawa yana tace Muwaɗɗa, yana rage abin da bai natsu da shi ba. Wanda ya yaɗa sakamakon da bai tabbatar ba, in daga baya ya gano kuskure, gyaransa ba zai cim ma kuskuren ba.

Abin da ya wajaba a ɓoye

A nan ne mas'alar ta fi nauyi, domin mutum yana da zaɓi a kan sirrinsa, amma ba shi da zaɓi a kan sirrin wani. Ɗalibin da ya shiga ƙauye da takardar tambayoyi, mata suka gaya masa yawan ɓarin da suka yi, magidanta suka gaya masa bashin da ke kansu da yawan buhunan da suka noma, malaman makaranta suka ba shi sakamakon yara, duk wannan amana ce a wuyansa. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hadisi mai nuna cewa idan mutum ya yi magana sa'an nan ya waiga don ganin ko wani na ji, to maganar ta zama amana. Muslim ya ruwaito cewa Anas ɗan Malik, yana yaro, ya makara wajen komawa gida saboda wani aike na Manzon Allah, da mahaifiyarsa Ummu Sulaim ta tambaye shi sai ya ce sirri ne, ita kuwa ta ƙarfafa shi a kan kada ya gaya wa kowa. Huzaifa ɗan Yamani kuma ya riƙe sunayen munafukai har ya koma ga Allah. Imamu Nawawi ya ware babi guda a Riyadus Salihina a kan kiyaye sirri, Imamu Gazali kuma ya lissafa tona asiri cikin cututtukan harshe a littafinsa Ihya'u.

Saboda haka bai halatta ɗalibi ya tura jerin sunayen waɗanda ya yi hira da su cikin zaure ba, ko hoton takardar asibitin wani, ko muryar wata mata da ya naɗa, ko da niyyarsa neman taimako ce wajen lissafi. Sai ya cire sunaye ya sa lambobi a madadinsu, ya kuma cire duk wata alama da za ta nuna gida. Haka nan bai halatta shugaban aji ya baza takardar da ke ɗauke da lambobin waya da sakamakon 'yan ajinsu a wajen da ba a amince ba. Ɗaukar hoton hirar da aka yi da mutum a keɓe a yaɗa ta, cin amana ne, sai fa wanda aka zalunta yana kai kuka inda za a share masa hawaye, gwargwadon rangwamen da ya zo a Suratun Nisa'i, aya ta 148. Bin diddigin mai laƙabi don a tona ko wane ne, ba tare da wani haƙƙi ba, yana cikin binciken asirin mutane da aka hana a Suratul Hujurati, aya ta 12.

Dokar ƙasa ma ta tafi a kan haka. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin mutum da gidansa da wasiƙunsa da hirarsa ta waya. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukuma ta musamman, ta kuma sa bayanan lafiya da na addini da na ƙabila cikin waɗanda ke bukatar ƙarin tsaro. Kafin nan, a 2022, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta ɗauki mataki a kan wasu kamfanonin ba da rance ta waya, waɗanda ke kwashe lambobin da ke cikin wayar mai cin bashi, su riƙa aika wa danginsa da abokansa saƙonnin tozarci. Ɗalibin da ya buɗe wa irin wannan manhaja wayarsa, ya miƙa lambar mahaifiyarsa da ta malaminsa ba da saninsu ba.

Abin da ya haramta a ɓoye

Labule yana da iyaka. Akwai wurare uku da ɓoyewa ke zama laifi.

Na farko shi ne ɓoye asalin ilimi. Wanda ya ɗauki aikin wani ya sa sunansa ya shiga cikin waɗanda aka yi wa gargaɗi a Ali Imrana, aya ta 188, masu son a yabe su da abin da ba su aikata ba. Imamu Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, wanda kuma ya yi wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙa, ya rubuta ɗan littafi musamman don rarrabe mawallafi da ɓarawo, sunansa Alfariƙu bainal Musannifi was Sariƙ. A ƙasar nan Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ida'un Nusukhi, inda ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya ɗauka daga kowannensu. Masu kwafar littattafai da hannu sukan rufe da sunan mawallafi da na marubuci, mawaƙa kuma sukan sa sunansu da ramzin shekara a ƙarshen waƙa. Sayen kundin da wani ya rubuta a shagon buga takardu, ko miƙa abin da na'ura ta tsara da sunan aikin kai a inda makaranta ta hana, duk algus ne, kuma takardar shaidar da aka samu ta wannan hanya za a ci abinci da ita shekara da shekaru.

Na biyu shi ne ba da fatawa a bayan labule. Malaman hadisi ba sa kafa hujja da ruwayar wanda ba a san ko wane ne ba, kuma Muslim ya kawo a gabatarwar Sahihinsa gargaɗin Ibnu Sirina cewa mutum ya duba wurin wanda yake karɓar addininsa. Mai tambaya yana iya ɓuya, amma mai ba da amsa a kan halal da haram wajibi ne a san shi, a san malamansa. Saƙon da ke yawo a zauruka da hukunci mai zafi, babu sunan malami, babu sunan littafi, ba a aiki da shi, ba a kuma tura shi gaba.

Na uku shi ne fakewa da laƙabi don cin mutuncin jama'a. Wanda ya buɗe shafi da sunan ƙarya don ya zagi malaminsa, ko ya yi wa wata ɗaliba ƙazafi, ko ya yaudari mutane da sunan wani, ya tuna da Suratun Nisa'i, aya ta 108, wadda ta zargi masu ɓuya daga mutane alhali ba sa iya ɓuya daga Allah, da Suratu Ƙaf, aya ta 18, mai nuna cewa kowace kalma tana da mai tsaronta. Mala'iku ba sa rubutu da laƙabi. A garuruwan da aure da mutunci ke rataye a kan magana ɗaya, ƙazafin da aka yi cikin minti guda yana iya hana yarinya karatu, ya sa iyaye goma su ƙi tura 'ya'yansu mata makaranta.

Matakan da ya kamata a ɗauka

Ɗalibi ya raba tsakanin shafin da yake hulɗar karatu da sunansa na gaskiya da wanda yake hira da baƙi. Kada ya sa hoton katin makaranta, ko takardar JAMB, ko sakamakon WAEC da NECO a dandali don murna, domin lambobin da ke jiki su ne mabuɗan da mazambata ke nema. Kada ya ba kowa lambar NIN ko BVN saboda wani saƙon tallafin karatu da aka turo a zaure, sai ya tabbatar daga ofishin makarantarsa. Lambobi shida da WhatsApp ke aikowa ta saƙo ba a faɗa wa kowa, ko da mai kiran ya ce shi shugaban zaure ne, domin da su ake ƙwace shafin mutum a roƙi kuɗi da sunansa. Ya kunna matakin tsaro na biyu a wayarsa.

Ya sani kuma cewa takardar da aka rubuta a kwamfuta takan riƙe sunan mai ita a cikinta, hoton waya kuma yakan iya riƙe wurin da aka ɗauke shi. In ya buga aikinsa a shago, ya tsaya har a goge shi daga kwamfutar a gabansa. In yana neman gyara, ya ba mutum ɗaya ko biyu da ya amince da addininsu da iliminsu. Ya riƙa aika wa malamin da ke duba shi kowane babi ta hanyar da ke nuna kwanan wata, ya kuma adana takardunsa na farko, domin su ne shaidunsa ranar jayayya.

Iyaye su ma suna da nasu rabo. Mahaifin da ya baza hoton takardar shaidar 'yarsa da cikakken sunanta da lambarta don farin ciki, ya buɗe ƙofar da ba zai iya rufewa ba. Limamai da malaman Islamiyya a Gwarzo da Kabo da kewaye ya dace su sa wannan babi cikin darussan ladubba, kusa da babin sallama da neman izini, domin asalinsu ɗaya ne.

Taƙaitawa ita ce, sirrin mutum nasa ne, yana iya tsare shi, kuma tsarewar ta fi. Sirrin wani amana ce, tsare shi wajibi ne. Asalin ilimi da sunan mai fatawa kuwa haƙƙin jama'a ne, ɓoye su ha'inci ne. Wanda ya rarrabe waɗannan zai shiga kowane zaure ya fita da mutuncinsa da na mutane.

Allah Ya rufa asirin Musulmi duniya da lahira, Ya ba ɗalibai ilimi mai amfani, Ya sa a gama lafiya. Amin.